Kafin Ka Kama Joyistik Ranar Alhamis

Ishaya ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka isa lafiya, sun nuna maka gadonka a jirgin ruwan, kuma akwatin nan ya shiga ƙofa, don na gaya maka ƙofofin ƙasan jirgi matsattsu ne ka ƙi ji. Mu nan Mu'aither sai godiya. Babanka ya fita gyaran esi a Rayyan tun safe, ƴar'uwarka Rifkatu tana duti a asibiti, ni kaɗai ce a gida, na ɗora wake na jawo kujera. Allah ya tsare ka a ruwa da tudu, ya tsare Kyaftin da duk wanda zai taka jirgin nan.

Ka yi haƙuri, saƙon zai yi tsawo. Na so in yi maka na murya, sai na tuna kai in murya ta wuce minti ɗaya ba ka ƙarasa ji, sai ka turo min hoton babban yatsa. To wannan ka karanta shi duka. Ka san a aji huɗu na tsaya, yadda nake magana haka nake dannawa, in ka ga kuskure ka tsallake.

Da farko dai ina cikin farin ciki, kada ka ɗauka faɗa zan yi. Da safen nan da ka ɗauki jaka na tsaya a taga har ka sha kwana, ban yi kuka ba. Shekara shida na yi ina girki a jirgin nan na Maigida, attajirin da muke wa aiki, kafin gwiwa ta hana ni hawa da sauka, ina can ƙasa a kicin ina jin ƙafafun mutane a saman kaina. Yau ga ɗana zai tsaya a sama inda Kyaftin ke tsayawa. Me zan ce wa Allah in ba na gode ba.

Amma jiya da muna cin tuwo ka faɗi wata magana kana dariya, babanka ya taya ka, ni ban yi dariya ba. Ka ce ranar Asabar Kyaftin ya bar ka ka riƙe jirgi a jikin dakali da joyistik, ƴar sandar nan da ake turawa da yatsu jirgi ya yi gefe, shi ya sauka yana waya, ana ɗaure igiyoyi. Iska tana ture jirgin, sai ka danne sandar gefe ka ƙi saki. Turasta ta gaba, wato farfelar da ke cikin rami a hancin jirgi, ta yi zafi ta ɗauke. Jar wuta ta kama, ƙara ta tashi, ka yi maza ka kashe ƙarar. Babu wanda ya lura don igiya ta riga ta kama. Da ta huce ta dawo da kanta. Sai ka ƙara da cewa tun ranar kukanta ya ɗan canza, kamar ana niƙa tsakuwa, amma ai tana aiki. Kuma ka ce ba za ka gaya wa Kyaftin ba sai bayan Alhamis, don ranar ce zai sa ka shigo da jirgi tasha a gaban Maigida. In ka yi kyau ka zama mataimakinsa ku tafi Oman wata uku, in ba haka ba ka koma wankin dek, wato daɓen jirgi, ko ma su ce halas, su sallame ka.

Na gane. Ni ma da na kai shekarunka haka zan yi tunani, ai na ma yi. Shi ya sa zan ba ka labarin wautata, wasu ka sani wasu ban taɓa faɗa maka ba.

Ka san kakanka, babana, fito yake yi a Numan, yana ƙetare da mutane Binuwai da kwalekwale. Ba shi da ɗa namiji babba, ni ce ke bin sa. Ina da wajen sha uku ya fara ba ni filafili. Wata ranar kasuwa muka ɗauko mata biyar da kaya, ɗaya tana da tukwanen ƙasa sababbi a kwando. Muna dosar gaɓa na hango ƴan ajinmu suna wanki. Ishaya, kaina ya kumbura. Na ce yau za su ga Hannatu. Na dinga zuba filafili da ƙarfi, Baba yana ce min ya isa, ya isa, ni ina jin kamar yabo yake yi. Da na ga gaɓa ta taso min na sa filafili in tsayar, ina, kwalekwale bai san wannan magana ba. Muka daki ƙasa, matan suka kifa kan juna, tukwane huɗu suka tafi. Ƴan ajinmu sun ga Hannatu kam.

Baba bai doke ni ba. Ya bi matar har gida ya ba ta haƙuri. Washegari ya ba ni kwalekwale babu kowa a ciki, ya zauna a gaɓa ya juya min baya, ya ce in yi ta kawo shi har sai ya taɓa ƙasa bai ji ba. Sati guda ina yi. In na zo sai ya ce na ji, koma. A nan na koyi cewa tun daga nesa ake daina tuƙi, a bar ruwa ya ƙarasa da kai.

To naku jirgin ya fi gidanmu na Numan girma, amma shi ma ba shi da birki. Na sha leƙowa ta tagar kicin ina kallon hannun Kyaftin a gilashi. Ba ya danne sandar nan. Taɓawa yake yi kaɗan ya saki, ya jira ya ga me jirgi ya ce, sannan ya sake taɓawa. In zai juya hanci ya murɗa kanta kaɗan kamar mai rage wutar gas. Kai kuma na san hannunka, tun kana yaro in rimot ya ƙi sai ka danne shi da ƙarfi kamar shi ne zai sa ya ji. Ranar Alhamis Maigida zai tsaya a bayanka da carbinsa, ƴaƴansa za su ɗaga waya suna ɗauka. Kada ka yi don su. In ka shigo a hankali har suka gaji suka sauke wayar, to ka yi daidai. Shuwai shuwai, wato sannu sannu, yadda su da kansu suke faɗa da Larabci. In kuma ka ga shigar ba ta yi ba, ka ja baya ka fita ka sake. Kyaftin da furfurarsa na ga ya sake har sau uku ranar da iskar shamal ta tashi, babu wanda ya rage shi da komai.

Bari in duba waken nan.

Na dawo. Na biyu, wannan a jirginku ne, shekarata ta farko. Akwai doka, in an kusa shiga tasha Kyaftin zai yi magana ta sifika ya ce kicin a kashe. Obin, kuka ta lantarki, butar shayi, duka. Ni a raina na ɗauka iyayi ne kawai irin na maza, me ya haɗa tukunyata da tuƙinsa. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce min turasta in ta tashi tana jan wuta da yawa a janareto ɗaya da nake girki da shi, ni ma kuma ban tambaya ba, ina jin kunya a ce ban sani ba.

Rannan Madam, matar Maigida, tana da baƙi, na sa kifi babba a obin, saura minti biyar ya yi. Sifika ta ce a kashe. Na dubi kifin, na ce minti biyar dai. Har na ƙara da jona buta don shayin karak, wai in sun tsaya su sha da zafi. Ina tsaye na ji turasta ta yi guuu, sai ɗif. Esi ya tsaya, fitila ta mutu, kicin ya yi shiru har ina jin ruwa yana lasar jikin jirgi. Ta taga na ga jirgin maƙwabta yana matsowa, fari tas, ashe mu ne iska ke kai wa. Kyaftin ya saki joyistik ya kama hannuwan injin nan biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ya dinga wasa da su har ya juya mu ya kwantar da mu a wurinmu. Baƙin Madam ba su ma san an yi wani abu ba, zafi kawai suka ce sun ji.

Ya sauko kicin. Ni na riga na kashe komai na tsaya ina goge faranti mai tsabta. Ya ɗora bayan hannunsa a ƙofar obin, ya dube ni. Sai ya ɗauki cokali biyu ya ajiye a tebur ya nuna min yadda wuta ke rabuwa, wannan nawa wannan naki, in mun ja tare duka mu faɗi. Da zai fita ya ce kifin dai a ajiye masa kai.

Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Ka roƙi Kyaftin ya koya maka shigowa da hannuwan inji kaɗai, ba joyistik ba turasta. Sandar nan daɗi gare ta, ko ƙaramar ƴar Maigida za ta iya tura ta, amma ranar da ta yi shiru abin da ke hannunka shi ne naka. Sannan wanda ke kicin yanzu, ban san shi ba, an ce ɗan Nepal ne, ka sauka da ƙafarka ka gaishe shi, ka tambaye shi ko an taɓa yi masa bayanin dalilin kashewa. Kada ka tsaya a sifika kana ba da oda. Mutum in ya san dalili ya fi kashewa da wuri. In kuma kai ne ba ka gane abu ba, ka tambaya ko za a yi maka dariya. Dariyar ba ta kai yamma.

Na uku shi ne wanda ban taɓa gaya maka ba. Babanka ya sani, Rifkatu ba ta sani ba.

Ka san ni ba na iya sauke tukunya da safar hannun nan tasu mai kauri. Tsofaffin zannuwana nake yankawa in yi tsumma, kamar yadda muke yi a gida. Wata Litinin muna tsaye a tasha na wanke su na shanya a ƙarfen gaba, can wajen hanci, inda aka hana shanya, don a nan rana ta fi bugawa. Iska ta ɗauke ɗaya, babba, rabin zane ne ma. Na leƙa na gan shi yana nutsewa a hankali daidai bakin ramin turasta. Na tsaya ina kallo har ya ɓace. Na ce a raina teku ai da faɗi, zai tafi abinsa. Gaskiyar magana tsoro na ji, kada a ce Mama ta sake, ga maganar obin ba ta daɗe ba. Na kwashe sauran na koma ƙasa na yi shiru. Talata na yi shiru. Har na ga Kyaftin na ba shi shayi muka yi wasa.

Laraba muka fita da iyali. Da za mu fita an kunna turasta na ji kukanta ba daidai ba, ni da ke kusa da ita na fi kowa ji, nan ma na yi shiru. Da yamma muna dawowa, iska tana bugo mu ta gefe, Kyaftin ya tura sanda, farfela ta yi wani gurnani ta cije. Hanci ya tafi kan dakali. Ka san Baba Salim, dattijon nan mai kula da igiya da ke ce maka ɗan Mama Hanna. Shi ne a gaba. Ya ruga zai sa fenda, robar nan da ake ratayawa tsakanin jirgi da dakali, bai kai ga sakinta ba jirgi ya matse masa hannu. Yatsu biyu suka karye. Ka taɓa lura ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake? To ni ce.

Da safe aka kira mai nutso. Duk muna tsaye a dek ya shiga, ya ɗan jima, ya fito ya ɗaga abin sama. Atamfa ce shuɗiya mai zanen tsuntsaye, ta zanen zumuntar matan cocinmu na gida. Jirgin nan akwai ɗan Indiya, akwai ƴan Filifin, akwai Baba Salim na Zanzibar. Waye a cikinsu ke ɗaura atamfa? Babu wanda ya juyo ya dube ni, wannan ya fi min ciwo.

Na bi Kyaftin sama na faɗa masa komai, har da ranar da zanen ya faɗa ruwa. Na zaci zai yi ihu. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, “Mama, da Litinin kika gaya min, minti goma ne aikin mai nutso, da ko Maigida ba zai ji ba. Zanen bai ba ni haushi ba, iska ce ta ɗauka. Kwana biyun ne.”

Ba a kore ni ba, ka dai gani. Na yi wata guda ina kai wa Baba Salim farfesu a ɗakinsu na unguwar Fereej Abdel Aziz, yana tsokanata wai in karya ɗaya hannun ma don farfesun ya ci gaba. Mutumin kirki, ya yafe tun a asibiti. Amma har yau in ya miƙo min hannu mu gaisa idona a kan yatsan nan yake sauka.

Yanzu ka gane me ya hana ni dariya jiya. Wataƙila turastar nan ba abin da ya same ta, wataƙila leda ce ta shiga, wataƙila wani ƙaramin ƙarfe ne ya goge, ni ban sani ba, ba makanikiya ba ce ni. Kai ma ba ka sani ba, shi ne maganar. Ranar Alhamis kai za ka kasance a sama da sanda a hannu, a inuwa. Wanda zai tsaya a hanci da igiya da fenda Baba Salim ne, da sauran yatsunsa takwas masu kyau.

Ka je wurin Kyaftin yau, kada ka bari sai gobe. Kada ka tare shi a gaban mutane ko yana cikin waya. Ka bari ya sha shayinsa na la'asar, lokacin ya fi sauƙin kai. Ka faɗa masa yadda ka faɗa mana, amma ban da dariyar. Ka ce ka danne ta daɗe, ta ɗauke, ka kashe ƙarar, kuma kukanta ya canza. Kada ka sa iska a gaba, ya san da iska. Kada ka ce ka manta ne, ba ka manta ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ba abin da zai faru. Zai iya ɗaga gwajin. Zai iya cewa bana ba kai ba, ka ƙara shekara a dek. Na san yadda ka ƙwallafa rai a tafiyar nan, na ga har sabon takalmin jirgi ka saya ka ɓoye a ƙarƙashin gado. In hakan ta faru zai yi zafi, ni ma zai yi min. Amma mutumin nan na yi shekara shida ina ba shi abinci, na san abin da yake nema a wanda zai bar wa jirgi ya je ya kwanta. Mai gaskiya yake nema, tuƙi kam yana iya koya wa kowa.

Saura ɗaya, ƙarama ce amma ita ta fi kusa. Ka tuna farkon zuwanka da kake aiki a garejin nan, na zuba abinci a kula na je wurin manajanku ina roƙo ya dinga ba ka hutun Juma'a don coci, tunda a nan ranar ake sujada? Ban shawarce ka ba. Ya ba ka Juma'ar, amma abokan aikinka suka yi wata uku suna tambayarka ko Mama ta zo da fidar jarirai. Sati guda ba ka yi min magana ba, kuma kai ke da gaskiya. Na shiga abin da ba nawa ba.

To yau da ka fita na ɗauki waya na buɗe lambar Kyaftin. Sau biyu. Na ce in gaishe shi kawai, in ce ya ɗan duba turasta, ba sai na ambaci sunanka ba. Yatsana yana kai. Sai na ga in na yi haka farfelar za ta gyaru, amma kai zai dinga kallonka a matsayin wanda uwarsa ke faɗin abin da ya ɓoye, kuma ba zai taɓa gaya maka ba. Na ajiye wayar na je na tsince wake. Da na dawo na goge lambar gaba ɗaya, don na san kaina, zuwa la'asar zan sake ɗauka. Ban haddace ta ba, babanka ma ba shi da ita. Yanzu a gidan nan kai kaɗai ne ke da hanyar kunnen Kyaftin.

Ubangiji ya ba ka ƙarfin zuciya da baki mai faɗin gaskiya. Ya sa hannunka ya yi sanyi a kan sandar nan, ya kwantar muku da iska, ya fitar da ku lafiya ya shigo da ku lafiya, ku da na sama da na ƙasa da mai tsayuwa a hanci. In Oman ce Allah ya kai ku ya dawo da ku. In kuma gida ne, ɗakinka yana nan ban taɓa komai ba, ka shigo da rana tsaka kanka a sama, ni zan buɗe maka ƙofa.

Ka gaida min Baba Salim da kyau.

Ni ce mamanka,
Hannatu